Ranar da Umma Ta Wuce Kantina

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikin asibiti da duk wahalarsa. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Umma ta yi sauƙi, maganin shafawar da kika aiko ya karɓe ta. Matata tana gaishe ki. Yara sun ce in tuna miki alkawarin takalma, na ce musu ni ba ɗan aikensu ba ne, amma ga shi na faɗa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Duk sanda muke waya Umma tana kusa, kin kuwa san kunnenta bai tsufa ba. Shi ya sa na ba direban da ke zuwa wajenku wannan ya kawo miki.

Wata uku ke nan da aka buɗe sabon kanti a bakin titi, bai fi taku ɗari daga nawa ba. Gabansa duk gilashi ne, har mutane sun laƙaba wa mai shi suna Mai Gilashi. Ciki sanyi, ga fitilu da rana tsaka, kowane kaya da farashinsa manne a jiki, mutum ya ɗauki kwando ya yi ta zagaye kamar gidansu. Cinikina ya ragu, ba zan ɓoye miki ba. Waɗanda suka shekara goma suna sayen mai da shinkafa a wurina yanzu hannu suke ɗaga mini daga nesa. Na ce ba komai, kasuwa ce, rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

To, ranar Talata ina auna wa wata mata sukari, na ɗaga kai, sai ga Umma tafe daga bakin titi, ta rungumo ledarsu mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin mayafi. Ledar nan kuwa daga ƙarshen layi ana gane ta. Ta wuce ta gaban kantina tana kallon ƙasa kamar ta yar da allura. Telan da ke kusa da ni, wanda bai iya ganin abu ya yi shiru ba, ya tsayar da kekensa ya ce, "To, uwar mai kanti ma ta san inda araha take." Matar da nake auna wa sukari ta yi dariya. Ni ma na yi, don ba yadda zan yi.

Da yamma na shiga ɗakinta na ga kayan. Sabulu uku, ashana, gishiri, ganyen shayi. Babu ko ɗaya da ba ya kan kantata. Na tambaye ta, ta ce kuɗin da kika aiko ne, ta kama wata magana daban.

Shekara goma sha huɗu ina riƙe da kantin nan. Umma tana ɗaukar abin da take so, ban taɓa karɓar ko sisi a hannunta ba, ba kuwa zan taɓa ba. Yau me ya canza? Ke kika ce ta je can? Idan ke ce, ki faɗa mini gaskiya. Mutanen layin nan ido gare su. In uwar mutum ta wuce kantinsa ta tafi na wani, wa kike so ya tsaya? Da kantin nan nake ciyar da gida, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Yayanki.

*

Yaya,

Takardarka ta same ni cikin ƙoshin lafiya, sai gajiya. Mutum biyu sun tafi hutu a sashenmu, aikin mutum uku nake yi. Na ji daɗin labarin gwiwar Umma. Ka gaishe mini da Anti, ka ce wa yara ban manta ba, su aiko da lambar ƙafarsu, don na san sun ƙara girma.

Ban ce wa Umma ta je ko'ina ba. Ban ma san an buɗe kantin ba sai a takardarka. Amma Yaya, wannan ai ba abin ɗaga hankali ba ne. Mu ma nan haka muke fama. Mai a wani kanti nake saye, madara a wani, don tsakanin kanti da kanti sai ka ga bambancin hamsin ko ɗari a abu ɗaya. Manyan nan da mota guda suke sarar kaya, dole su fi ku araha. Tsohuwa ta ga inda kuɗinta zai fi auki, ta je. Ni na ba ta kuɗin, ta saya inda ranta yake so.

Shawarata, ka je ka ga farashinsu da idonka, gani ya kori ji. Inda za ka iya ragewa ka rage. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Kuma don Allah ka daina ƙorafi a kan Umma, ka bar mana mu da muke nesa. Kai kullum da safe kana ganinta, tana cin abincin gidanka, 'ya'yanka suna hawa cinyarta. Ni minti biyar nake samu a waya, uku daga ciki labarin ɗanka ne da ya fara haƙori. Ranar nan na gaya mata an ƙara mini girma a wurin aiki, ta ce madalla, wai na ji Yaya yana fama da mura? Kai ka samu uwa sukutum, don ta sayi sabulu uku a wani wuri ka cika takarda gaba da baya.

Ina sauri ne, direban yana jira. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka, Auta.

*

Auta,

Muna lafiya. Umma lafiya. Lambar ƙafar yara tana bayan takardar nan.

"Ni na ba ta kuɗin." Na karanta layin nan ya fi sau goma. Na gode da tuni. Da ma ba sai kin rubuta ba, duk gidan nan an sani. Tun da kika fara aike, ba baƙon da zai shiga ɗakin Umma ya fita bai ji cewa Auta ta aiko ba. Fanka, Auta ta aiko. Bargo, Auta ta aiko. Shekara goma sha huɗu tana wanka da sabuluna, tana shan shayi da sukarina, ban taɓa jin ta gaya wa kowa ba. Abin da ya zo daga nesa cikin kwali shi ne kyauta. Namu na kusa ya zama kamar ruwan randa, sai ya ƙare ake tunawa da shi.

Na bi shawararki, na je. Na zaɓi lokacin da rana ta take, don na san layi ba kowa, na sa wata tsohuwar hula na ja ta har gira. Ina tura ƙofa Mai Gilashi ya taso daga bayan teburinsa da fara'a, ya ce maƙwabci ne yau a wurinmu, a ba shi kwando. Duk ma'aikatansa suka juyo. Haka na zaga kantin da kwando a hannu, ina karanta farashi ina haddacewa, a ƙarshe na sayi alawa ɗaya don kunya. Ina fitowa na ga tela a tsallaken titi, wai zare ya fito saye.

Ga abin da na gani, ki saurara da kyau, ke mai ilimin kasuwa. Mai, shinkafa da madara sun fi nawa araha, gaskiya ne. Galan ɗin mai sun rage ɗari biyu, sun kuma jera shi a bakin ƙofa inda kowa zai gani. Da shi suke jawo mutane. Amma in ka shiga ciki, ƙananan kaya duk sun fi nawa tsada. Sabulun da nake sayarwa ɗari uku, a can ɗari uku da talatin ne. Ashana sun ɗora ashirin. Gishiri da ganyen shayi ma haka. Mutum ya sami sauƙi a mai, ya mayar musu a sabulu bai sani ba, ya fito yana murna.

Kin ga inda maganar ta dosa? Umma ba ta sayen mai, ba ta sayen shinkafa, a gidana take ci. Abin da take saye a can shi ne daidai abin da ya fi tsada. Tana wuce inda za ta ɗauka kyauta, da gwiwarta mai ciwo, ta je ta biya fiye da farashina. Wannan ba neman araha ba ne. Da araha ce da na haƙura. Kantin mai sanyi take so, da kuɗin 'yar da ta yi karatu, ta fito da leda mai ruwan ɗorawa kowa ya gani. Ni da kantina mai warin kananzir mun zama abin kunya.

Ba sai kin wahalar da kanki da amsa ba, na san aiki ya yi miki yawa.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaishe ka, ko da yake ban san ko kana amsa gaisuwata ba. Ina lafiya. Wannan ce takarda ta uku da na rubuto ba amsa. Sati shida ke nan, direba yana zuwa hannu rabbana. In na kira ka sai ka ce kana da mai saye a gabanka.

Da na gaji sai na kira Anti. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata. Ta ce ka karya farashin mai har ƙasa da yadda ka saro shi, wai don ka nuna wa Mai Gilashi kai ma namiji ne. Ta ce mutane sun zo sun kwashe man, ba su sayi komai ba, suka tafi. Yaya, wanda ke sarar mota guda za ka yi wa wannan gasar? Ta kuma ce gaisuwar safe da kake zama ka yi wa Umma ta koma daga bakin ƙofa, a tsaye. Wannan ya fi maganar man ɓata mini rai.

Layin nan da ka riƙe, ban rubuta shi don gori ba. A tsaye na rubuta, direba yana danna mini oda. Amma tun da ranar wanka ce, ba zan ɓoye cibi ba. Da na karanta takardarka ta farko, wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi. Na ce ashe yau Umma za ta wanke hannu da abin da ya fito daga gumina. Kai kana da ƙafa da hannu a gidan, in ta yi tari kai ke ji. Ni ba ni da komai a wurinta sai abin da zan sa a ambulan. Kana kishin ana kiran sunana a gaban baƙi. Ni kuwa ina kishin ka ne don ba sai an kira naka ba, kana nan zaune.

Na tambaye ta maganar kantin a waya. Ta ce ba ta ji na sosai, alhali yanzun nan ta gama ba ni labarin bikin maƙwabta tiryan-tiryan. Akwai abin da take ɓoyewa, kuma ban yarda sanyin kanti ba ne. Matar da ke kashe fanka don kada ta kamu da mura?

Ka shiga ɗakinta ka zauna a ƙasa yadda ka saba, ka tambaye ta da hankali. Kuma ka mayar da farashin manka.

Auta.

*

Auta,

Na sami takardunki duka uku, ki yi haƙuri da shiruna. Kowa lafiya, sai ƙaramin da ya yi zazzaɓi kwana biyu, ya warware. Takalma sun iso, na babbar sun yi mata ɗan yawa, za ta girma a ciki.

Ban zauna na tambaye ta ba kamar yadda kika ce, girman kai ya hana ni. Abin da na yi shi ne na cika kwali da sabulu, ashana, gishiri, shayi da sukari na wata biyu, na kai ɗakinta na dire, na fita. Washegari da hantsi sai ga ta da kwalin a ka. Ta shigo kanti, ta shiga jera kayan ɗaya bayan ɗaya, kowanne a mazauninsa. Na ce Umma, me na yi miki? Ta ce in rufe ƙofa.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Tun da ciniki ya ja baya, kantocin sama kwalayen wofi nake jerawa a kai, don kada mai shigowa ya ga wurin ya yi fayau. Ko matata ba ta sani ba. Ashe wata rana da na fita, Umma ta zauna mini a kanti, ta ɗauki tsumma tana goge ƙura, ta ɗaga kwali ta ji shi sakayau. Ta ɗaga na biyu, ta ɗaga na uku. Ta kuma taɓa ji na ina gaya wa mai kawo kaya cewa a kwalin sabulu mai guda ashirin da huɗu, ribata ba ta wuce kuɗin sabulu biyu ba.

Ta ce, "Ni kuma uku nake ɗauka duk wata. Ashe ba ribar kawai nake cinyewa ba, har da uwar kuɗin."

Ta tuna mini ranar da ta ajiye kuɗi a kan teburi, na tura mata abinta a gaban mutane na ce kada ta kunyata ni. Wallahi na manta da ranar, ita ba ta manta ba. Ta ce tun da na rantse ba zan karɓa ba, ita kuma ba za ta iya ci gaba da ɗauka ba, sai ta nemi inda ake karɓar kuɗinta. Na ce to ai can ya fi tsada. Ta ce ta sani, ba ta iya karatu ba amma ta iya ƙirga canji.

"Tsadar can aljihun Auta take taɓawa, shi kuwa zai iya ɗauka. Arahar nan a jikinka take fita."

Na san kina jira in ce hankalina ya kwanta. Bai kwanta ba. Da ina ganin ta fi son kantin wani a kan nawa, wannan ciwo ne da na iya ɗauka, don akwai wanda zan ji haushi. Yanzu na gane tausayina take ji. Ke ce 'yar da ake kashe kuɗinta ba fargaba, ni ne ɗan da ake lallaɓawa kada ya faɗi. Ni da na goya ki, na kai ki makaranta a kan keke. Ban taɓa jin kishinki irin na ranar nan ba, kuma na ji kunyar kaina da na ji shi.

Na roƙe ta ta daina zuwa can, ko don bakin mutane. Ta ce sharaɗi ɗaya ne, in sayar mata kamar kowa. Na ce ba zan iya ba. Ta ce to ita ma ba za ta iya ba. A nan muka tsaya.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina lafiya, Allah ya ƙara wa ƙaramin sauƙi. Na karanta takardarka a ɗakin hutunmu, sai da na fita waje don kada abokan aiki su ga idona.

Ba zan yi maka wa'azi ba, kai ne babba. Tambaya ɗaya gare ni. Kuɗin nan dole ya shiga aljihun wani duk wata. Ka fi so ya shiga na Mai Gilashi, ya ƙara fitila? Ni dai ban yi tsayuwar awa goma sha biyu don in gina wa wani ƙato kanti ba.

Kuma ba sadaka ba ce, kada ka soma. Ciniki ne, kaya za ka bayar. Ka shekara goma sha huɗu kana yi wa Umma kai kaɗai, ba ka bar wa kowa wuri ba, har ita kanta ba ka bar ta ta taimake ka ba. Ka matsa kaɗan mu ma mu samu lada. Rowa iri-iri ce, Yaya, har da ta ƙin karɓa.

In ka ƙi, zan gaya wa tela maganar kwalayen sama. Wasa nake yi. Amma ka karɓa.

Auta.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Duk muna lafiya. Rowa kika kira ni da ita ko? Za ki zo ki same ni.

Na kwana uku ina juya maganarki, sannan na aika wa Umma cewa na yarda. Na ɗauka za ta zo a ɓoye, sanda ba kowa. Ina! Jiya da safe ta zo, daidai lokacin da mata ke dawowa daga kai yara makaranta, ta yafa mayafinta na fita unguwa. Mutum huɗu ne a kantin, ta tsaya a bayansu ta bi layi. Tela ya bar ɗinkinsa ya jingina da ƙofata, wai inuwa yake sha.

Da aka zo kanta ta ce a ba ta sabulu uku, nawa ne? Na ce ɗari biyu da hamsin hamsin. Na yi tunanin ko hamsin ɗin nan in rage, in ji dai na yi wani abu. Ta dube ni, ta mayar da kuɗinta cikin jaka, ta ce ashe ba a shirya ciniki a nan ba. Ta juya ta fita, ta nufi bakin titi, tana jan ƙafar nan tata a hankali.

Na tsaya ina kallon bayanta. Ta wuce shagon tela. Ta wuce mai gyaran waya. Wallahi ba ta waiwayo ba, kin san ta. Sai da ta kusa rabin hanya na fito tsakiyar layi, a gaban kowa, na ɗaga murya.

"Ɗari uku ne, Umma! Ɗari uku uku!"

Ta tsaya, ta juyo, ta dawo da irin tafiyar da ta tafi. Ta ƙirgo ɗari tara ta miƙo. Na sa hannu biyu na karɓa, ban iya kallon fuskarta ba. Ta ce in sa mata a leda, kuma in ba ta mai kyau ba mai huji ba. Wata mata da ke tsaye ta tambaye ta ko ta bar kantin gilashi ke nan. Umma ta ce sun cika tsada a sabulu, ta ce wa matar ta je ta duba ashana ma ta gani. Matar ta sayi sabulu biyu. Tela ya sulale ya koma kan kekensa.

Kada ki ɗauka layi ya dawo mini. Mutum biyu ko uku ne suka leƙo, kwalayen sama har yanzu wofi ne, kuma na mayar da farashin mai. Ba zan ce miki na ji daɗin karɓar kuɗin nan ba, don ban ji ba. Na san daga hannun wa ya fito, kuma har yanzu yana ci mini rai. Na daɗe riƙe da shi kafin in buɗe aljihun teburi in haɗa shi da na sauran mutane.

Yau da safe na shiga gaishe ta, na zauna a ƙasa. Ta ce gishirinta ya kusa ƙarewa, nawa nake sayarwa? Na faɗa mata gaskiyar kuɗinsa. Ta ce za ta shigo gobe.

Yayanki.